'Yata ta iya karatu tun tana shekara huɗu, wane littafi zan ba ta?

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce, ina zaune a Zariya, 'ya'yana uku. Autata shekararta huɗu da 'yan watanni, tana ajin nazare. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Tana dai raɓar yayanta in yana aikin gida, sai kawai muka ji tana karanta rubutun jikin gwangwanin madara da allunan shaguna in mun fita. Yanzu Hausa ba abin da ba ta karantawa, Turanci ma tana taɓawa. Littattafan ajinsu sun yi mata kaɗan, ta haddace su. Kwanan baya ta ɗauki littafin yayanta na aji biyar, ta karanta labarin wani yaro da mahaifiyarsa ta rasu, daren nan ba mu yi barci ba, tana riƙe da zanina tana tambayata ko ni ma zan mutu. Shekaranjiya kuma na same ta da wayar ƙanwata tana karanta littafin soyayya da ƙarfi. Abbanta ya ce a saya mata manyan littattafai, a kuma roƙi makaranta su tsallake da ita zuwa firamare biyu. Hajiyarsa ta ce mu daina bari tana karatu gaban mutane saboda baki. Ni dai na rasa na kamawa. Wane irin littafi ya dace da ita?

Maman Auta, Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Masha Allah. Allah Ya raya miki ita, Ya sa albarka a wannan baiwa, Ya tsare ta.

Daren nan da ba ku yi barci ba ya riga ya amsa miki rabin tambayarki. Idonta ya bi labarin tsaf, bai yi tuntuɓe da kalma ba, amma zuciyar da labarin ya sauka a cikinta ta 'yar shekara huɗu ce. Yaro a wannan shekarun bai gama raba abin da ke cikin littafi da abin da zai iya faruwa a ɗakinsu yau da daddare ba. Ta karanta cewa uwa ta mutu, ta ɗaga kai ta ga ke ma uwa ce, shi ke nan lissafi ya haɗu. Ɗan aji biyar zai karanta labarin nan ya ji tausayi, ya rufe littafi ya fita ƙwallo. Ita ba ta kai nan ba tukuna, kuma iya karatu ba ya gaggauta kai ta can. Jaririn da haƙoransa suka fito da wuri ba a miƙa masa kilishi don kawai yana iya cizo; cikinsa ake dubawa.

In ta sake tayar da maganar mutuwa, kada ki ce mata "ƙarya ce, labari ne kawai", kada kuma ki tsawatar. Ki ɗora ta a cinya ki ce mata ga ki nan lafiyarki ƙalau, ga Abba, ga Hajiya, Allah ne Yake tsare mu duka. Ki amsa daidai abin da ta tambaya, kada ki ƙara. Za ta iya maimaita tambayar kwana da kwanaki, haka yara suke narkar da abin da ya yi musu nauyi.

Akwai wani abu game da rubutun Hausa da ya kamata ke da Abbanta ku sani, don yana rage ruɗu. Bokon Hausa mai sauƙin haɗawa ne ƙwarai: kusan kowane baƙi sautinsa ɗaya, yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yarinyar da ta kama ba, be, bi, bo, bu, ta gane ƙ da ɗ da ɓ da ts, za ta iya ɗaukar jarida ta karanta miki labarin kasafin kuɗi ba gargada. Wannan ba ya nufin ta san kasafin kuɗi. Turanci ba haka yake ba, baƙi ɗaya sai ya yi sauti uku, shi ya sa kika ga tana taɓa shi a hankali. Saboda haka haɗa baƙi daban, gane abin da aka karanta daban, iya ɗaukar nauyinsa a zuciya kuma daban. A na farko 'yarki ta yi wa sa'o'inta nisa. Na biyu sai kin gwada. Na uku kuwa tana nan tare da sa'o'inta.

Gwajin ba wuya, kuma kada ki bari ta ji kamar jarrabawa ce. Ta karanta miki shafi ɗaya, ki rufe littafin ki ce, "To, ba ni labari, ni ban ji sosai ba." Ki saurari ko za ta faɗa da bakinta ko kuwa jimlolin littafin za ta maido miki yadda suke. Sannan ki tambaye ta "me ya sa", ba "wane ne" ba. Wa ya saci naman, kowa zai faɗa. Me ya sa Gizo ya ce wa Ƙoƙi ba shi da lafiya, nan ake gane mai fahimta. Malaman firamare suna da wata dabara kuma ta auna wuyar kalmomi: yaro ya karanta shafi, duk kalmar da bai sani ba ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya yi masa tsauri ya karanta shi kaɗai. Wannan dabarar tana da amfani musamman a Turanci. Sai dai kalmomi kawai take aunawa, ba ta auna tsoro.

Tsoron kuwa ke ce ma'auninsa. Duk littafin da zai shiga hannunta, ki riga ta karanta shi, ko da tsaye ne a shagon mai littattafai. Littafin yara ba ya cin minti goma. Ki duba ko uwa ko uba sun mutu ko sun yar da ɗa, ko an sace yaro, ko an yanka wani, ko akwai kishiya mai azabtar da 'yar miji, ko hoton da zai tsaya mata a ido. Ki duba ƙarshen musamman: yaron da ya ɓata ya dawo gida? A shekara huɗu labari yana iya ɗaukar ɗan tashin hankali a tsakiya, muddin a ƙarshe kowa ya koma gida ya ci tuwo.

Na san Abbanta zai fara tunanin littattafan da mu duka muka tashi da su, kuma yana da gaskiya da yake son ta san su. Amma a bi su da lura. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa Hausarsa mai daɗi ce, ba ta da sarƙaƙiya, 'yarki za ta iya haɗa baƙinsa yau. Labarin kuwa na yaron da aka sace aka raba shi da uwarsa ne, aka ƙetara da shi hamada a zamanin cinikin bayi, uwar ta bi sawunsa cikin wahala, ta rasu bayan sun haɗu. Yarinyar da ta kwana riƙe da zaninki ba ta da abin yi da wannan yanzu. A ajiye mata shi har ta kai ƙarshen firamare. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, shi ba a hana ta shi gaba ɗaya, amma ba a kuma sakar mata shi. Littattafai uku ne cike da labarai iri-iri da aku yake bayarwa, wasu na dabbobi da ban dariya da za ta ji daɗinsu, wasu na yaƙi da makirci da ɓarayi da hukuncin sarakuna. Ki zaɓi labari ɗaya da rana, ke ki karanta mata da daddare, ki tsallake abin da ya kamata a tsallake. Littafin ya zauna a ɗakinki, ba a kwandon littattafanta ba.

Haka ma tatsuniya. Mutane sukan ce ai mu da Dodo da Ɓotorami aka rene mu, ba abin da ya same mu. Gaskiya ne, amma a tuna yadda muka ji su. A tsakar gida ne, kan tabarma, jikinmu na jikin kaka, yara biyar ko shida a gefe. Mai ba da tatsuniyar tana kallon fuskokinmu. In ta ga ƙaramin ya fara maƙalewa sai ta sassauta murya, ta gajarta wurin da Dodo ya haɗiye yarinya, ta yi sauri ta kai inda aka farke cikinsa kowa ya fito. Da an ce ƙurunƙus an watse ana dariya. Littafi ba ya ganin fuskar yaro. Yarinyar da ke karanta tatsuniya ita kaɗai a ɗaki tana haɗuwa da Dodo ba kaka a kusa. Don haka in kin samu Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ki saya, taska ce, amma ki raba: na wayon Gizo da wasanni da waƙoƙin gaɗa ta karanta da kanta, na Dodo da na 'yar bora ku karanta tare.

To me za ta karanta ita kaɗai, tunda yunwar karatu gare ta kuma ba kullum kike zaune ba?

Abin da na fi ba iyaye irinku shawara a kai shi ne littattafan sanin duniya: dabbobi, tsuntsaye, ƙwari, jikin mutum, taurari da wata, jiragen sama, yadda ake gina gida, yadda iri yake tsirowa. Irin waɗannan suna da kalmomi masu tsauri da za su ba ƙwaƙwalwarta aiki, amma ba su da maraici ko cin amana. Za ta iya shafe sati tana kallon hoton yadda tururuwa suke gina gidansu ƙarƙashin ƙasa, ta fito tsakar gida ta tsuguna tana neman ramin da ta gani a littafi. Wannan tsugunon shi ne alamar littafin ya yi aikinsa. Taswirar duniya ta yara ma tana riƙe irin waɗannan yaran sosai, haka ƙamus mai hotuna. Yawancinsu da Turanci za ki same su a wurin masu sayar da gwanjon littattafai, kuma ba laifi. Ta karanta da Turanci, ku yi hirarsa da Hausa. In ta ce miki ga sunan dabbar nan da Turanci, ki ce mata mu bushiya muke ce mata, ko damo, ko hawainiya.

Sai kacici-kacici da karin magana da waƙoƙin yara. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya: ta karanta, ta yi tunani, ta ruga ta tambayi Hajiya, a nuna mata tsintsiya. Gajeru ne, suna sa tunani, kuma suna tura ta wurin mutane maimakon su killace ta a lungu. In ba ki samu a buga ba, ki sayi littafin rubutu mai ganye arba'in ki rubuta mata da hannunki, baƙi manya-manya, amsa a bayan shafi. Kada ki raina littafin da aka yi a gida. Ki ce ta ba ki labarin ranar da kuka je gidan kakanninta, ki rubuta yadda ta faɗa, ta zana hoto a ƙasa, ki ɗinke da zare. Yara suna komawa irin wannan littafin fiye da na kanti, don su ne a ciki.

Kada kuma ki kwashe littattafan hotuna don an ce ta wuce su. Wannan kuskure ne da ake yawan yi wa yaran da suka yi saurin karatu. Littafin hoto mai kyau yakan ɗauki kalmomin da suka fi na littafin koyon karatu zurfi, domin an rubuta shi ne babba ya karanta wa yaro, shi kuwa na koyon karatu da gangan ake taƙaita kalmominsa. Hoton kuma yana koya mata karanta fuska: wannan ya yi fushi, wannan kunya yake ji. Shi ma wannan karatu ne, kuma shi ne wanda 'yar shekara huɗu ta fi buƙata. Littattafan ajinsu da ta haddace su ne suka yi mata kaɗan, ba duk mai hoto ba.

Na san ƙarancin littattafan yara na Hausa a kasuwa, ba sai an faɗa mini ba. Ki leƙa shagunan littattafai na nan Zariya, garin da kamfanin buga littattafai na NNPC yake, ki tambayi jerin Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu. Tsofaffi ne amma an jera su daga sauƙi zuwa tsauri. A intanet kuma akwai African Storybook da StoryWeaver, dukansu kyauta, suna da labaran yara da Hausa masu hotuna, an kasa su mataki-mataki. Ki zaɓa da kanki, ki duba Hausar ta zauna daidai, sannan ki kai shagon masu kwamfuta su buga miki a takarda. Ki haɗa kai da uwaye biyu ko uku a unguwa ku riƙa musanye, kuɗin zai ragu.

Na ce a takarda ne saboda maganar wayar nan. Wannan ita ce ta fi damuna a wasiƙarki. Littattafan da ke yawo a WhatsApp da sauran shafuka na manya ne, wasunsu ko babba sai ya kawar da kai. A da ana barin waya a hannun ƙaramin yaro da tunanin hoto kawai yake kallo. A gidanku wannan zamanin ya wuce. Ki tara mutanen gida, har masu zuwa hutu, ki gaya musu a fili: yarinyar nan tana karanta duk abin da idonta ya sauka a kai, saƙon waya, takardar asibiti, rubutun da ke gudu a ƙasan talabijin lokacin labarai. A sa wa wayoyi makulli. Kada a yi mata faɗa a kan abin da ya riga ya faru, ba laifinta ba ne, ita rubutu ta gani ta karanta. In ta tambayi ma'anar wata kalma da ta tsinta a can, ki ce magana ce ta manya, ki ba ta wani abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu kada zamansa gaban allon waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya a yini, ya samu aƙalla awa uku yana motsa jiki, da barcin awa 10 zuwa 13. Littafi ma kada ya cinye mata wasan ƙasa da 'yar tsana da guje-guje.

Ta ɓangaren addini, ƙissoshin annabawa da aka rubuta don yara suna da kyau ƙwarai: jirgin Annabi Nuhu da dabbobi bibbiyu, Annabi Sulaiman da tururuwa, Annabi Yunus a cikin kifi. Ƙissar Annabi Yusuf ku karanta tare, domin jefa ƙane a rijiya abu ne da mai yayye biyu za ta yi ta juyawa a ranta. Littattafan da ke bayanin azabar kabari da tashin alƙiyama kuwa a ɗaga su sama tukuna. Lokacinsu zai zo, a gaban malami. Yanzu ta fara sanin rahamar Ubangijinta.

Kuma don Allah kada ki daina karanta mata don ta iya da kanta. Kunnen yaro yana gaba da idonsa wajen fahimta, ballantana in mai karantawar tana tsayawa tana bayani. Labarin da ya fi ƙarfinta ita kaɗai, a bakinki zai zauna mata daidai. Ban da haka, in ta lura cewa iya karatunta ya sa an daina ɗora ta a cinya da daddare, za ta ji kamar an hukunta ta ne a kan baiwarta. Wasu yaran har sukan fara cewa ba su iya ba don a dawo musu da wannan zaman.

Maganar tsallake aji, ki samu Abbanta cikin natsuwa, ba gaban yara ba. Ki fara da yaba masa, don abin da yake so alheri ne. Sannan ki nuna masa cewa firamare biyu ba karatu kaɗai ba ne. Akwai riƙe fensir a kwafi rubutun allo shafi guda, alhali yatsun 'yar shekara huɗu ba su yi ƙwari ba. Akwai zama wuri ɗaya na tsawon darasi, da kai kanta bayi, da kare kanta a filin wasa cikin 'yan shekara bakwai. Tsarin ƙasar nan shekara shida ya sa don shiga firamare, ba a banza ba. Ku kuma hango gaba: wadda aka tsallake da ita shekara uku za ta shiga sakandare tana ƙaramar yarinya cikin 'yan mata da suka fara girma. Ni ban goyi bayan wannan tsallaken ba. Abin da ya fi shi ne ku je wurin malamar ajinsu ku roƙi a bar ta ta zo da littafinta daga gida, ta karanta lokacin da sauran suke koyon baƙaƙe, amma ta yi waƙa da zane da wasa tare da sa'o'inta. In shekara ta zagayo aka ga ta yi gaba a komai, ba karatu kaɗai ba, sai a sake zama.

Hajiya kuma ki saurare ta, akwai hikima a maganarta. Ki riƙa yi wa yarinyar addu'o'in tsari safe da yamma. Sannan ko ba don baki ba, kiran yarinya duk lokacin da aka yi baƙi a ce "zo ki karanta musu su ji" yana ɓata ta. Tana fara ganin karatu abin burge mutane ne, ta fara tsoron kuskure, ta guji littafin da zai ba ta wuya don kada a ga gazawarta. Ba a ce ki ɓoye mata littafi ba. Ta karanta abinta a gida yadda take so, amma ba a mai da ita abin kallo.

Abu biyu ki sa wa ido. In tana kai littafi dab da hancinta, ko tana ƙanƙance ido in tana kallon nesa, a kai ta a duba idon. Na biyu, yawancin yaran da suka yi saurin karatu lafiyarsu ƙalau, amma akwai kaɗan da saurin haɗa baƙi yake zuwa musu tare da wahalar mu'amala: ba sa amsa sunansu, ba sa haɗa ido, suna maimaita maganar da aka yi musu maimakon su amsa, ba sa shiga wasan yara. Idan kin ga irin wannan, ki ga likitan yara da wuri, don taimakon da aka fara da wuri ya fi amfani. Daga abin da kika rubuta, yarinyar da ta karanta labari ta gane shi har ta zo tana tambayarki a kansa ba ta yi mini kama da wannan ba.

Sai yayanta, wanda a gefensa ta koya. Ki kula kada wani ya ce masa "dubi ƙanwarka ta fi ka". Ranar da za ki sayo mata littafi ki sayo masa nasa, ki ba shi wurin ajiya a sama inda hannunta ba ya kaiwa, ki gaya masa dalili: littattafansa na manya ne, shi ne mai tsaron su. Wani lokaci ki ce shi ya zaɓo mata labari daga cikin nata ya karanta mata kafin barci.

Allah Ya shirya mana su baki ɗaya. Ki gaida Hajiya.

Anti